TARIN FUKA: ME 'YA'YANMU NA SAKANDARE SUKA SANI A ƘASAR KA'OJE?

Ranar 24 ga watan Maris na kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da cutar tarin fuka. A manyan birane akan yi jerin gwano, a raba riguna da huluna, kwamishina ya yi jawabi a gidan rediyo, kafin la'asar kowa ya kama gabansa. A nan ƙasar Ka'oje kuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ranar takan zo ta wuce cikin zafin bazara ba wanda ya ce mata sannu. Manoma na haramar sharar gona, 'yan kasuwa na kai da kawowa tsakanin Tsamiya da Segbana, 'yan ajin ƙarshe na sakandare kuma sun duƙufa kan littattafansu domin jarrabawar fita ta ƙarato. To, waɗannan 'yan makaranta su ne dalilin wannan rubutu, gama a ganinmu su aka fi mantawa da su duk lokacin da ake zancen wannan cuta, alhali kuwa suna cikin waɗanda take samun sauƙin yaɗuwa a tsakaninsu.

Mu da aikin ikilisiya ya haɗa mu da yara a ajin baftisma da zumuntar matasa da makarantar Lahadi, mun daɗe muna lura da wani abu. Ka tambayi ɗan sakandare abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Ka tambaye shi hanyoyin kamuwa da ƙanjamau, zai jera maka su tiryan-tiryan kamar ayar hadda, domin an yi shekaru ana nanata masa a aji da rediyo da allunan bakin hanya. Amma ka ce masa mene ne tarin fuka, daga ina yake fitowa, ana warkewa ko ba a warkewa, nan za ka ga an fara sosa ƙeya. Sunan dai kowa ya ji shi. Da wuya ka sami zuriyar da ba ta da labarin wani kawu ko wata gwaggo da ta yi ta tari tana ramewa har rai ya yi halinsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin sanin da zai sa yaro ya ce wa kansa, wannan tari nawa ya kai mako biyu, bari in je a duba kakina.

SUNA ƊAYA, CUTA BIYU

Rikicin ya soma tun daga sunan. A bakin Bahaushe, fuka tana iya nufin ciwon nan na sarƙewar numfashi da ake kira asma, wanda ƙura ko hayaƙi ko sanyi ke tayar wa mai shi, ƙirji ya riƙa kuka kamar sarewa. Wannan ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yakan bi jinin iyali. Sa'an nan da sunan nan guda muke kiran ɗayar cutar da ma'aikatan asibiti ke ce wa tibi, wadda ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ɗaukarta daga wani, tana kisa, kuma tana da maganin da ke raba mutum da ita ɗungum. Don haka in malami ya tsaya gaban aji ya ce tarin fuka yana yaɗuwa, yaron da ƙanwarsa ke da asma sai ya ce a ransa ƙarya ne, ga shi muna ɗaki ɗaya shekara goma ban ɗauka ba. In kuma aka ce ana warkewa cikin wata shida, sai ya ce ai ƙanwata tun tana goye ake ba ta magani. Muna roƙon duk mai yi wa yara bayani, malami ne ko fasto ko ma'aikacin lafiya, ya fara raba waɗannan biyu kafin ya ci gaba. A wannan rubutu duk inda muka ce tarin fuka, tibi muke nufi.

Bayan rikicin suna sai abin da yaran suka gada daga gida. Wasu za su ce maka gashin kyanwa ne ya faɗa cikin abinci aka haɗiye. Wasu su ce shan ruwan randa ne da sanyin safiya, ko wanka a rafi lokacin hunturu. Akwai masu cewa gado ne, gidan su wane ba a aure a ciki domin tari yana bin su. Akwai kuma masu rage murya su ce jifa ne ko sammu, musamman in yaron mai ƙoƙari ne a aji. Waɗanda suka yarda ana ɗauka ɗin ma, yawancinsu sun ɗora laifin kan moɗa da cokali da kwanon tuwo, shi ya sa da zarar an ji mutum na da ita sai a ware masa kwanonsa a ajiye can gefe, amma a ci gaba da kwana da shi ɗaki ɗaya ƙofa da taga a rufe. Wato an tsare inda ɓarawo ba ya bi, an bar masa ƙofar da ya saba shigowa.

Gaskiyar al'amarin an san ta fiye da shekara ɗari da arba'in. Ran 24 ga Maris 1882 wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana a birnin Balin ya nuna musu ƙwayar da ke kawo cutar, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Dalilin zaɓen ranar ke nan. Wannan ƙwaya cikin iska take tafiya. Mai cutar a huhu in ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya yana magana ko waƙa, sai ƙwayoyin su fito cikin ɗigon da ya fi ƙura ƙanƙanta, su yi ta shawagi a ɗaki har sa'o'i in babu iskar da za ta kore su, na kusa ya shaƙa. Hasken rana yana kashe su, iska mai ratsa ɗaki tana watsa su. Gaisawa da hannu ba ta kawo ta, cin tuwo kwano ɗaya ba ya kawo ta. Abin da ake gani kamar gado kuwa, zaman ɗaki ɗaya ne: uba ya ba ɗa, ɗa ya ba ƙane, a ce jini ne.

Sai dai ba duk wanda ya shaƙa ne ke kwantawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma a jikin mafi yawansu garkuwar jiki takan danne ta, ba ciwo, ba su kuma ba kowa. Biyar zuwa goma cikin ɗari ne cutar kan tashi a jikinsu wata rana, galibi sa'ad da jiki ya raunana saboda yunwa, ko ƙanjamau, ko ciwon sukari, ko taba da giya.

DON ME MATASA?

In ka ce wa ɗan sakandare yana iya kamuwa, wani sai ya naɗe hannun riga ya nuna maka tabon da ke damtsensa ya ce ai an yi mini lamba tun ina jariri. Wannan lamba ita ce allurar BCG, wadda wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Calmette da Guérin, suka haɗa, aka fara yi wa ɗan Adam a 1921. Allura ce mai albarka, kada uwa ta yi wasa da ita, domin tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, irin wanda ke hawa ƙwaƙwalwa ya yi kama da sanƙarau da wanda ke bazuwa cikin jiki duka. Amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru, kuma ba a dogara da ita wajen hana tarin huhu ga wanda ya balaga. Tabon nan shaida ce cewa uwarka ta kyauta maka, iyakarsa ke nan.

Likitoci sun daɗe da gane cewa tsakanin shekara biyar zuwa goma yara sukan sami ɗan sarari daga wannan cuta, sa'an nan da balaga haɗarin ya sake hawa. Bugu da ƙari, ƙaramin yaro in ya kamu ba kasafai yake ba wani ba, amma saurayi ko budurwa irin ta manya ce ke kama su, mai cin rami a huhu, mai cika kaki da ƙwayoyi. To, dubi inda waɗannan matasa ke wuni da inda suke kwana. Aji ɗaya yakan ɗauki yara fiye da yadda aka gina shi domin su. A makarantar kwana gadaje na haɗe da juna, sama da ƙasa. Yaran ƙauye da suka zo gari karatu sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya su biyar ko shida. Da hunturu ya kama sai a toshe taga da kwali da tsumma saboda sanyi da ƙura. Abincin kuma kowa ya san yadda yake, gari da ƙuli da abin da ya samu, alhali jiki na tsakiyar girma. Haka abin yake ga 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da ke kwana a zauren makarantar allo. An ƙiyasta cewa mai cutar da bai sami magani ba yana iya sa wa mutum biyar zuwa goma sha biyar cikin shekara guda. Mai karatu ya lissafa da kansa abin da hakan ke nufi a ɗakin kwanan ɗalibai.

Kada a ɗauka cutar da ce wadda ta shuɗe. Tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa tarin fuka ya zama abin gaggawa ga duniya duka. A 2023 mutum wajen miliyan 10.8 ne suka kamu, wajen miliyan 1.25 suka mutu, har ta koma matsayinta na cutar da ta fi kowace cuta mai yaɗuwa kisa bayan korona ta lafa. Nijeriya ce ta ɗaya a Afirka wajen yawan masu ita. A 2023 an ƙiyasta kusan rabin miliyan ne suka kamu a ƙasar nan. An dai yi ƙoƙari wajen nemo su: a 2019 waɗanda aka gano aka rubuta ba su wuce wajen 120,000 ba, a 2021 suka haura 200,000, a 2022 suka haura 285,000, a 2023 suka wuce 360,000. Duk da haka a shekarar nan ta 2023 an bar fiye da mutum dubu ɗari suna tari a gida ba wanda ya rubuta sunansu. Ina suke? Ba mu tsammanin suna bakin ƙofar asibitin koyarwa. Suna ƙauyuka da rugage da tungaye irin namu, inda kafin ka kai Birnin Kebbi sai ka bi hanyar Tuga ka ƙetare Kwara ka yi doguwar tafiya.

YADDA AKE ƁATA LOKACI

Alamomin ba su da wuyar riƙewa. Tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba, da kaki ko babu, wani lokaci da jini. Zazzaɓi mai zuwa da yamma. Gumin dare har riga ta jiƙe ko da ana sanyi. Rashin son abinci, da ramewa har wandon makaranta ya soma zamewa daga ƙugu. Ciwon ƙirji da kasala. Wani lokaci kuma ba a huhu take fitowa ba, sai a ga kaluluwa ta kumbura a wuya ta ƙi sacewa, ko ƙashin baya ya yi ta ciwo har ya fito da doro.

Amma ga yadda abin yakan kasance. Mako na fari a ce mura ce. Na biyu a je kemis a sayo maganin tari na kwalba da ƙwayoyi na kwana uku. Tari ya ɗan lafa ya dawo, a ce taifot ne ko shawara, a jiƙo saiwa da ɓawo. In an ga jini sai hankali ya tashi, a nufi wurin mai magani ko gidan addu'a. Kafin a tuna da asibiti an ci wata uku ko huɗu, an kashe kuɗin da ya fi na motar zuwa asibitin sau goma, yaro ya zama ƙashi da fata, abokan ɗakinsa kuma sun sha iskar da ya fitar dare da rana. Ba mu ce masu kemis duk macuta ne ba, da yawansu su ne likitan farko da talaka ke iya kaiwa gare shi da tsakar dare. Amma mai kemis da ya ga yaro ya dawo sau biyu sau uku da tari ɗaya, ya ci gaba da miƙa masa kwalba bai ce je a gwada kakinka ba, ya ci amanar sana'arsa.

Akwai kuma jinkirin da yaron da kansa ke jawowa, kuma wannan ya fi damunmu. Ɗan ajin ƙarshe da iyayensa suka sayar da buhun shinkafa ko tunkiya suka biya masa kuɗin jarrabawa, yana tsoron in ya faɗa a ce ya tafi gida, shekara ta tafi a banza. Don haka sai ya riƙa danne tari a aji, yana tofar da kaki a ɓoye. Budurwa tana tsoron a ji a gari a ce gidansu akwai tari, masu neman aure su janye. Ga kuma babban abin tsoro, wato a ce ƙanjamau ne, tun da dukansu biyu suna ramar da mutum. Gaskiya ne tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ƙanjamau, shi ya sa ake yi wa duk mai tibi tayin gwajin jini. Amma a Nijeriya mafi yawan masu tarin fuka ba su da ƙanjamau, kuma wanda ke da duka biyun ma yana warkewa daga tarin in ya sha magani. Yaro bai san wannan ba, ba kuwa wanda ya zauna ya gaya masa.

MAGANI KYAUTA NE, AMMA SAI AN KAI ƘARSHE

Kakanninmu ba su da abin yi wa wannan cuta sai jinya da addu'a, gama sai a 1943 aka gano maganin farko da ke kashe ƙwayar, wato sitireftomaisin, sa'an nan isoniyazid a 1952, rifamfisin kuma a shekarun 1960. Ba tare da magani ba wajen rabin masu cutar mutuwa suke yi. Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, aka ƙaddamar da shi a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Cibiyar horar da ma'aikatansa tana Saye kusa da Zariya. A ƙarƙashin shirin, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'i mai kula da tarin fuka da kuturta, kuma akwai asibitoci da ɗakunan shan magani da aka ware domin karɓar kaki da ba da magani. Abin da ake bukata shi ne mutum ya je asibitin gwamnati mafi kusa ya ce ina tari fiye da mako biyu, ina so a gwada kakina. A da sai an shafa kakin a gilashi a duba da madubi. Tun 2011 aka fara kawo na'urar GeneXpert ƙasar nan, wadda cikin kamar sa'a biyu take nuna ko akwai ƙwayar, ta kuma nuna ko irin mai taurin kai ce da ba ta jin rifamfisin. Inda babu na'urar akan ɗauki kakin a kai inda take, ba sai mara lafiya ya bi shi ba.

Gwajin kaki kyauta ne, magani kyauta ne. Wata shida ake sha, kullum sau ɗaya. Wata biyu na fari magunguna huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya guda, wata huɗu na baya kuma biyu. Waɗanda suka yi jinya a shekarun baya za su tuna wata takwas ake yi. Tun 2022 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a rage zuwa wata huɗu ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 in cutar ba ta yi tsanani ba, amma wannan likita ne zai yanke, ba uba ba. A gaya wa yaro tun farko cewa fitsarinsa zai koma ja-ja kamar ruwan zoɓo marar kauri, aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne. In kuwa ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya soma dushewa, a koma asibiti ran nan.

Mun ce kyauta, amma kada mu yi wa talaka dariya. Kuɗin mota ba kyauta ba ne, hoton ƙirji sau da yawa sai an biya, mai shan wannan magani kuma yunwa takan taso masa kamar wanda ya dawo daga noma. Wani binciken ƙasa da aka yi a 2017 ya nuna cewa kashi 71 cikin ɗari na gidajen da cutar ta shiga a Nijeriya sun kashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara a kanta. A nan ne baikon taimakon mabukata da kwanon hatsin zumuntar mata suke da aiki.

Babban tarkon yana wata na biyu. Tari ya tsaya, nama ya soma dawowa, yaro ya koma buga ƙwallo, sai ya ga me zai sa ya ci gaba da haɗiyar manyan ƙwayoyi da sassafe. Alhali ƙwayoyin cutar masu rauni ne suka mutu, masu ƙarfin suna nan kwance. In aka tsaya a nan sai ta dawo, wani lokaci ta dawo da taurin kan da maganin farko ba ya taɓa ta. Irin wannan a da sai an yi wata 18 zuwa 24 ana magani, da allurai masu kurmantar da mutum. Tun 2022 an amince da sabon haɗi na wata shida na haɗiya kawai ga 'yan shekara 14 zuwa sama, amma duk da haka ba ciwon da za ka so wa maƙiyinka ba ne, kuma wanda ya ɗauka daga gare ka mai taurin kan zai ɗauka kai tsaye. Shi ya sa aka tsara a sami wani mutum da zai riƙa ganin mara lafiya yana haɗiye maganin yana sa alama a kati, tsarin da ake kira DOTS. A makaranta wannan mutum yana iya zama malamin ɗakin kwana ko uwar ɗalibai mata.

IYAKA DA NONO

Abu biyu ne suka sa zancen ya bambanta a ƙasarmu. Na fari iyaka. Mutanenmu, Fulani da Hausawa da Dandawa da Busawa da Kyangawa, suna da dangi a Segbana da Kandi da Malanbil kamar yadda suke da su a Illo da Lolo da Bagudo. Yaro yana karatu a nan, hutu ya yi ya ƙetara Jamhuriyar Benin wurin kakarsa ko ya bi shanu mashaya, ya yi wata biyu. In yana kan magani, wa zai ba shi a can? Benin tana da nata shiri mai kyau, tana ma cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada gajeren magani na sa ido tun shekarun 1980, amma rajistarsu dabam, katinsu da Faransanci. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019 mun ga yadda zirga-zirga takan yanke ba shiri. Shawararmu ita ce duk ɗalibin da ke shan magani ya gaya wa ma'aikacin lafiya tun kafin hutu inda za shi da tsawon zamansa, a shirya masa maganin da zai ishe shi ko a ba shi takardar tura shi wata cibiya, katinsa kuma ya zauna a aljihunsa kamar kuɗin mota.

Na biyu shanu. Ka'oje ƙasar kiwo ce, kuma shanu suna da irin nasu tarin fuka wanda ke iya shiga mutum ta ɗanyar madara, sau da yawa ya fito a kaluluwar wuya ko a ciki. Tsamin nono ba ya tabbatar da cewa ƙwayar ta mutu, tafasawa ce ke kashe ta. Muna faɗin wannan da taka tsantsan, domin kada wani ya karanta ya je ya ɗora wa matan Fulani masu tallan nono laifi. Mafi yawan tarin fuka daga mutum zuwa mutum ne, kuma masu yin kindirmo da yawa tun asali sukan dafa madararsu. Maganarmu ga yaran da ke bin garke ce, masu tatsa su kafa kai a ƙwarya nan take, da 'ya'yan mahauta da ke ganin huhun saniya mai ƙulle-ƙulle a ciki su ɗauka ba kome ba ne.

INA IKILISIYA?

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa mishan ta SIM kula da zangon kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Yadakunya a Kano, lokacin da kowa ke gudun kuturu. Ƙungiyar Kirista ta The Leprosy Mission ta yi shekaru tana tallafa wa aikin kuturta da tarin fuka a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Neja. Iyayenmu cikin bangaskiya sun wanke gyambon da dangi suka ƙi taɓawa. Abin kunya ne a ce jikokinsu ne ke matsawa daga benci in mai tari ya zauna, ko su yi gunaguni kan ƙoƙon Jibin Ubangiji, wanda ba ta nan cutar ke bi ba. In ana so a kare jama'a a majami'a, a buɗe tagogi, musamman a daren addu'a da lokacin koyon waƙa inda matasa ke cika ɗaki suna buɗe maƙogwaro.

Dole kuma mu faɗi wata magana mai ɗaci. Akwai masu addu'a da ke ce wa mara lafiya ya zubar da magani domin ya nuna bangaskiyarsa, akwai masu sa yaron da ya rame azumin kwana bakwai, akwai masu neman zunubin da ya jawo ciwon. A Bisharar Yohanna sura 9, da aka tambayi Ubangijinmu Yesu ko laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, bai ɗora wa mutumin ko iyayensa ba. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Mu yi wa yaro addu'a, mu ɗora masa hannu, sa'an nan mu tambaye shi ko ya sha na yau. Duk wanda ya raba ɗan mutane da maganinsa a wata na biyu, in cutar ta dawo da taurin kai, dattawan ikilisiya su kira shi su tambaye shi.

Ga shugabannin makarantu kuwa, na gwamnati da na mishan, korar yaro ita ce ke koya wa sauran su ɓoye. Wanda ya fara maganin da ya dace, bayan kamar mako biyu haɗarin ya sa wa wani yakan ragu ƙwarai, kuma da zarar ma'aikacin lafiya ya ba da izini yana iya komawa aji ya rubuta jarrabawarsa tare da kowa. Abin da ya wajaba shi ne a sanar da jami'in ƙaramar hukuma domin a zo a duba abokan ɗakinsa ba tare da an yi shela da sunansa a wurin taron safe ba. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa tun 1957, da takwararta ta ɗalibai Musulmi, suna taruwa kowane mako. Minti ashirin cikin taro guda a kowane zangon karatu, a gayyato ma'aikacin lafiya ya yi bayani da Hausa da Fulatanci, ya ishi yaro ya san bambancin asma da tibi, ya san lissafin mako biyu da na wata shida.

In an tabbatar da cutar a jikin ɗalibi, kada a tsaya a makaranta. A bi shi gida a duba duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi a hutun da ya wuce, musamman ƙannensa 'yan ƙasa da shekara biyar da duk mai ƙanjamau. Waɗanda aka samu ba su da ciwon akwai maganin riga-kafi da ake ba su na wata uku ko wata shida, shi ma kyauta, amma sau da yawa sai uwa ta buɗe baki ta tambaya kafin a tuna a ba ta.